Harin makarantar Maga: Yadda shugabancin makaranta ke shafar ƙwarin gwiwar malamai a ƙasar Zuru

Da asubahin ranar Litinin, 17 ga watan Nuwamban 2025 ne wasu 'yan bindiga suka haura katangar makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke garin Maga, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru a jihar Kebbi, inda suka yi awon gaba da ɗalibai 25.

Kafin su fice, maharan sun harbe mataimakin shugaban makarantar har lahira a gidansa da ke cikin harabar makarantar, suka kuma jikkata wani ma'aikacin.

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta samu ta tsere, sa'annan a ranar 25 ga watan fadar shugaban Najeriya ta ba da sanarwar cewa an sako sauran 24.

Hankalin jama'a a ciki da wajen ƙasar ya karkata ne ga ɗaliban da iyayensu, kuma hakan ne ya dace. To sai dai akwai wani rukunin mutane da ba a cika ambata ba idan ƙura ta lafa, wato malaman da ake sa ran za su koma aji su ɗauki alli, su ci gaba daga inda aka tsaya.

Ko malami zai koma, da kuma irin zuciyar da zai koma da ita, ya dogara ne a kan abubuwa da dama. Binciken masana harkar ilimi ya nuna cewa ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi shi ne halin mutumin da ke shugabantar makarantar.

Yankin da ya daɗe cikin fargaba

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru da Fakai da Sakaba da kuma Danko/Wasagu. Yankin yana kudu maso gabashin jihar Kebbi, yana kuma iyaka da jihohin Zamfara da Neja, waɗanda dazuzzukansu suka zama maɓoyar gungun 'yan bindiga.

Tun kafin harin Maga, ƙauyuka da dama a yankin sun sha fama da satar shanu da garkuwa da mutane. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai sama da 60 a wani kwanton ɓauna da aka yi musu, kuma 'yan kwanaki bayan haka aka far wa ayarin mataimakin gwamnan jihar na wancan lokaci, Samaila Yombe Dabai, a garin Kanya, inda jami'an tsaro da dama suka rasa rayukansu.

A maƙwabciyar masarautar Yawuri kuma, a ranar 17 ga watan Yunin 2021 'yan bindiga sun shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka, suka kashe ɗan sanda guda, suka tafi da ɗalibai sama da 80 da wasu malamansu.

An riƙa sako su ne kashi-kashi. Rukunin ƙarshe na 'yan matan bai dawo gida ba sai a shekarar 2023, bayan kusan shekara biyu a daji.

Duk malamin da aka tura aiki Ribah ko Dirin Daji ko Mahuta ya san waɗannan labarai, matarsa da iyayensa ma sun sani. Da wannan sani yake shiga aji kowace safiya.

Malamai ma na cikin waɗanda abin ke rutsawa da su

Tarihin hare-haren da aka kai makarantu a arewacin Najeriya ya nuna cewa malamai ba 'yan kallo ba ne.

A shekarar 2017 asusun kula da ƙananan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ce an kashe malamai kusan 2,300 a yankin arewa maso gabas tun daga 2009, yayin da rikicin Boko Haram ya raba wasu 19,000 da muhallansu.

A arewa maso yamma da arewa ta tsakiya, inda neman kuɗin fansa ne ke kan gaba, lamarin ya ɗauki wani salo. A watan Fabrairun 2021, lokacin da aka kai hari kwalejin kimiyya ta Kagara a jihar Neja, mutane 42 aka sace: ɗalibai 27, ma'aikata uku, da kuma iyalan ma'aikata 12.

A Kuriga ta jihar Kaduna, an sako ɗalibai 137 a watan Maris na 2024, amma malamin da aka tafi da su tare ya rasu a hannun 'yan bindigar.

Kwana huɗu kacal bayan harin Maga, aka shiga makarantar St Mary's da ke Papiri a ƙaramar hukumar Agwara ta jihar Neja. Ƙungiyar Kiristocin Najeriya ta ce ɗalibai 303 da malamai 12 aka sace.

Alƙaluman Kagara na da muhimmanci ta wata fuskar. A makarantun kwana malami yana zaune ne da iyalinsa a cikin harabar makaranta, don haka haɗarin da ke kansa yana kan matarsa da 'ya'yansa. Shawarar zama ko tashi ba tasa ba ce shi kaɗai.

Mene ne ƙwarin gwiwar malami?

Idan masana suka yi maganar ƙwarin gwiwa ko karsashin ma'aikaci, suna nufin haɗuwar abubuwa uku: yadda yake ganin aikinsa na da amfani, yadda yake ganin ana daraja shi, da kuma yadda ya amince cewa idan wani abu ya same shi akwai waɗanda za su tsaya masa.

Ba kasafai malami kan fito fili ya ce gwiwarsa ta yi sanyi ba. Ana gane hakan ne daga alamu.

Wanda ya saba zuwa kullum sai ya koma zuwa kwana biyu a mako. Wanda ke kwana a gidan malamai sai ya mayar da iyalinsa cikin gari, ya riƙa zuwa a kan babur da hantsi ya koma kafin la'asar. Takardun neman sauyin wurin aiki sai su yi yawa. Darasin yamma da na dare, waɗanda su ne ƙashin bayan shirin jarrabawar WAEC da NECO a makarantun kwana, sai su mutu ba tare da wani ya ba da umurnin dakatar da su ba.

Asarar ta fi muni a makarantun karkara, inda sau da yawa malami ɗaya ne ke koyar da lissafi ko kimiyya ga azuzuwa masu yawa. Idan ya tafi, darasin ya tafi ke nan, domin samun wanda zai yarda ya maye gurbinsa a irin wannan wuri abu ne mai wuya.

A rahoton da ta fitar a 2024, hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin shekarar 2030, kuma miliyan 15 daga cikinsu a ƙasashen Afirka kudu da hamadar Sahara ake buƙatarsu. A irin wannan hali na ƙaranci, riƙe malamin da ake da shi ya fi sauƙi a kan neman sabo.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2004 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Kenneth Leithwood sun yi nazarin bincike masu yawa da aka gudanar a kan makarantu. Sun kammala da cewa a cikin abubuwan da ke faruwa a makaranta, idan aka ɗebe koyarwar aji, babu abin da ya kai shugabanci tasiri ga karatun ɗalibai. Mafi yawan wannan tasiri kuwa ta hannun malamai yake bi, domin shugaban makaranta ba shi ne ke tsayawa gaban allo ba.

Wani binciken da aka wallafa a 2011 a kan malaman birnin New York na Amurka ya gano cewa ra'ayin malami game da hukumar makarantarsa shi ne abin da ya fi ƙarfi wajen yanke shawarar zama ko barin makarantar.

Kafin nan, Anthony Bryk da Barbara Schneider sun shafe shekaru suna bin diddigin ɗaruruwan makarantun firamare a birnin Chicago. A sakamakon da suka fitar a 2002 sun nuna cewa makarantun da ake da yarda tsakanin shugaba da malamai da iyaye sun fi samun ci gaba a karatu da lissafi.

Ko shakka babu, an yi waɗannan bincike ne a ƙasa mai arziki, a wuraren da ba a fargabar a wayi gari da ƙarar bindiga. Amma dalilin da ke ƙarƙashinsu ya shafi ko'ina. A lokacin zaman lafiya, malamin da bai yarda da shugabansa ba zai iya jurewa, ya yi aikinsa ya karɓi albashinsa. A lokacin rikici kuwa, rayuwarsa ce yake ɗorawa a kan maganar shugaban. Idan yardar ba ta nan, ba abin da zai riƙe shi.

Faɗin gaskiya a kan lokaci

Abu na farko da ke hannun shugaban makaranta shi ne labari. Shi ne ke halartar taro da jami'an ma'aikatar ilimi, shi ne ke magana da baturen 'yan sanda da hakimi, kuma galibi shi ne ke fara jin cewa an ga baƙin babura a wani ƙauye.

Wasu shugabannin kan ɓoye irin wannan labari don gudun kada a firgita. Nufinsu na iya zama mai kyau, amma labari ba ya ɓuya a ƙaramin gari. Malamai za su ji shi a kasuwa ko a wayar salula, an ƙara masa gishiri, kuma daga ranar za su daina yarda da duk abin da ya fito daga ofishin shugaba.

Wanda ya tara malamansa ya faɗa musu abin da ya ji, da matakin da ya ɗauka, da abin da ya fi ƙarfinsa, ya mayar da su abokan shawara. Hausawa kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma malamin da aka yi shawara da shi ya fi jin nauyin tsayawa.

Batun labari ya fito fili a harin Maga. Gwamnan jihar Kebbi, Nasir Idris, wanda shi kansa tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, wato NUT, ya shaida wa manema labarai cewa an samu bayanan sirri kafin harin, kuma an girke sojoji a makarantar, amma suka janye da misalin ƙarfe uku na dare, ƙasa da awa ɗaya kafin maharan su iso. Ya nemi a binciki wanda ya ba da umurnin janyewar, kuma hedkwatar tsaron ƙasar ta ce tana gudanar da bincike.

Irin wannan lamari na ɗora wa kowane shugaban makaranta a yankin wani sabon nauyi. Idan gobe ya ce wa malamansa su kwantar da hankali an kawo jami'an tsaro, to akwai tambayar da za su yi masa, kuma tilas ya tanadi amsar da ba ta wuce iyakar abin da ya sani ba.

Adalci wajen rabon haɗari

A makarantar kwana ayyuka ba ɗaya suke ba. Akwai malamin da ke zagayen dare, akwai masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, akwai mai raka motar da ke zuwa sayen abinci, akwai mai kai takardun jarrabawa ta hanyar da ake tare mutane.

A lokacin zaman lafiya waɗannan ayyuka gajiya kawai suke jawowa. A lokacin rikici rabon haɗari ne.

Idan malamai suka lura cewa sababbin ɗauka da waɗanda ba su da uwa a gindin murhu ne kullum ake bari da aikin dare, yayin da 'yan gaban goshi ke samun izinin tafiya gida, to ɓacin rai zai haɗu da tsoro. Jadawalin aiki da aka manna a fili, wanda ya haɗa har da manyan malamai, yana kashe rabin wannan ƙorafi.

Haka kuma malamai kan lura da inda shugaban yake kwana. Wanda ya koma Zuru ko Birnin Kebbi da zama, yana ba da umurni ta waya, zai yi wuya ya iya tsawata wa malamin da ya yi fashin aiki. Wanda ake gani a taron safe, ake kuma ganin fitilar gidansa da dare, ba ya buƙatar dogon jawabi.

Akwai kuma wani ɓangaren adalcin da ya shafi ƙasar Zuru musamman. Yanki ne na ƙabilu da yawa, da suka haɗa da Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani, kuma Musulmi da Kirista na aiki kafaɗa da kafaɗa a makarantunsa.

Bayan kowane hari akan shiga zargin cewa akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Idan aka bar wannan zargi ya shiga ofishin malamai, har aka fara kallon wani da wata manufa saboda yarensa ko garinsu, to an rusa abin da ya fi katanga muhimmanci. Aikin shugaba ne ya miƙa duk wani zargi mai tushe ga hukuma, ya kuma hana tsegumi marar hujja.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wannan ƙasa. Malaman daular Sakkwato, ciki har da Shehu Abdullahi na Gwandu, sun yi rubuce-rubuce masu yawa da ke sanya shawara da adalci a sahun gaba na sharuɗɗan shugabanci.

Bayan an kai hari

Kwanakin farko bayan hari su ne malamai suka fi riƙewa a zuciya. Sukan tuna wanda ya je gaisuwa, da wanda ya bi takardun haƙƙin mamaci, da wanda ya tambayi halin da marayu ke ciki bayan manyan baƙi sun watse.

Kowane malami yana kallon yadda aka yi da iyalin abokin aikinsa, yana kuma auna abin da zai faru da nasa iyalin. Idan haƙƙoƙin mamaci suka maƙale a ofis shekara da shekaru, saƙon da sauran suka samu ya fi duk wani alkawari ƙarfi.

Sa'annan akwai raunin da ba a gani da ido. Wanda ya kwana a ƙarƙashin gado yana jin harbi, ko ya ga gawar abokin aikinsa, na iya fama da rashin barci da razana da saurin fushi na tsawon watanni. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan larura, kuma tana da magani.

Sai dai a al'adarmu namiji, balle malami, ba ya son a ga rauninsa. Shugaban da ya fahimci haka zai rage wa irin wannan malami aiki na ɗan lokaci, ya haɗa shi da asibiti ko da malaman addini da ya amince da su, ba tare da ya tozarta shi a gaban 'yan uwansa ba. Wanda bai fahimta ba kuwa takardar tuhuma zai ba shi.

Galibi idan aka kawo masu ba da shawara bayan hari, ɗalibai ake kawo wa. Amma malamin da bai samu natsuwa ba, zai yi wuya ya kwantar wa ɗalibi da hankali.

Lokacin da aka rufe makaranta

Bayan hare-haren Maga da Papiri, gwamnatin tarayya ta rufe makarantunta na haɗaka sama da 40 na wani lokaci, yayin da jihohi da dama, ciki har da Kebbi da Neja da Katsina, suka ba da umurnin rufe makarantu ana dab da kammala zangon farko.

Ba wannan ne karon farko ba. UNICEF ta ce makarantu sama da 11,000 aka rufe a Najeriya saboda matsalar tsaro daga watan Disamban 2020 zuwa farkon 2022. A jihar Borno kuwa, makarantun sakandaren gwamnati da aka rufe a watan Maris na 2014 sun shafe sama da shekara biyu kafin a sake buɗe su.

Rufe makaranta na kare rayuka, amma yana wargaza ma'aikata. Malamin da ya shafe watanni a gida zai nemi abin yi, ko noma ko kasuwanci ko aiki a wata makarantar cikin gari. Malaman makarantu masu zaman kansu kuwa, kamar yadda aka gani lokacin annobar korona a 2020, albashinsu kan tsaya cak da zarar an daina biyan kuɗin makaranta.

A nan ma bambancin shugabanci kan fito. Akwai wanda zai kulle ofis sai ranar da aka ce a dawo. Akwai kuma wanda zai ci gaba da kiran malamansa ɗaya bayan ɗaya, ya shirya yadda za a cike giɓin manhaja, ya san inda 'yan ajin ƙarshe suke. Na biyun ne ke samun malamansa cikakku ranar komawa.

Iyakar ikon shugaban makaranta

To sai dai zai zama rashin adalci a ɗora komai a kan shugaban makaranta, domin ikonsa a tsarin Najeriya taƙaitacce ne.

Ba shi ke ɗaukar malami ba, ba shi ke biyansa ba, ba shi ke yi masa ƙarin girma ko sauyin wurin aiki ba. Makarantun firamare na ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, na sakandare na ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta jiha, su kuwa makarantun haɗaka daga Abuja ake tafiyar da su. Sojoji da 'yan sandan da ake girkewa ba daga gare shi suke karɓar umurni ba.

Don haka yana tsakiya ne: na sama na ba shi umurni, na ƙasa na kawo masa kuka. Abin da ya rage masa shi ne ya zama muryar malamansa, ya rubuta, ya bibiya, ya koma ya sake bibiya. Malamai kan bambance tsakanin shugaban da ya yi ƙoƙari bai samu ba, da wanda ya yi shiru don kare kujerarsa.

Kuma kyakkyawan hali ba ya maye gurbin albashi. A ranar malamai ta duniya, 5 ga watan Oktoban 2020, shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus ga masu aiki a karkara, da ƙarin shekarun ritaya. An sanya hannu a kan dokar da ta kai shekarun ritaya zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, a 2022, amma ƙungiyar NUT ta sha kokawa a kan rashin aiwatar da sauran alkawuran. A 2024 jihar Kebbi ta amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, a daidai lokacin da tsadar rayuwa ke cinye ƙarin.

Tsare-tsare a kan takarda

Najeriya ba ta rasa tsare-tsare ba. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014, an ƙaddamar da shirin kare makarantu tare da tsohon firayim ministan Birtaniya Gordon Brown. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka cimma a birnin Oslo a 2015, ta kuma karɓi baƙuncin taron ƙasa da ƙasa a kanta a Abuja a watan Oktoban 2021.

A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin kashe naira biliyan 144.8 don tsaron makarantu daga 2023 zuwa 2026, aka kuma kafa cibiyar kai ɗauki a ƙarƙashin hukumar tsaron farin kaya ta sibil difens.

Duk da haka, wani rahoton UNICEF na 2024 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 ne kacal na makarantun da aka duba a jihohi goma ke da tsarin gargaɗi tun kafin haɗari ya auku.

Tsarin gargaɗi kuwa ba na'ura ba ce kawai. Ya ƙunshi sanin wanda za a kira, da inda ɗalibai za su nufa, da aikin kowane malami idan an ji harbi, da kuma kyakkyawar alaƙa da mutanen gari, waɗanda su ne ke fara ganin baƙuwar fuska. Duk waɗannan ta hannun shugaban makaranta da kwamitin al'umma mai kula da makarantar suke tabbata. Malamin da ya san abin da zai yi a lokacin tashin hankali ya fi wanda aka bari da zullumi natsuwa.

Darasi daga wasu ƙasashe

A ranar 16 ga watan Disamban 2014 'yan Taliban sun kashe mutane sama da 140 a wata makarantar sojoji da ke Peshawar ta Pakistan, 132 daga cikinsu yara ne, kuma shugabar makarantar na cikin waɗanda suka rasu. Da aka sake buɗe makarantar a watan Janairun 2015, babban hafsan sojin ƙasar na lokacin, Janar Raheel Sharif, da kansa ya je ya tarbi ɗalibai da iyayensu.

Amma matakin da hukumomin lardin suka ɗauka na bai wa malamai damar riƙe bindiga ya gamu da suka daga malaman kansu, waɗanda suka ce aikinsu koyarwa ne, tsaro kuwa na hukuma ne.

A yankin Sahel ma matsalar ita ce. A Burkina Faso makarantu sama da 6,000, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun ƙasar, ke rufe a 2023, yayin da aka rufe ɗaruruwa a jihar Tillaberi ta jamhuriyar Nijar. A wurare da yawa barazanar da aka yi wa malamai ce ta fara korarsu, kafin makarantar ta mutu.

Wa zai tallafa wa shugaban?

Harin Maga ya nuna cewa masu riƙe da shugabancin makaranta su ma suna bakin wuta. Ana buƙatar su ƙarfafa wa wasu gwiwa alhali su ma suna da iyali da fargaba.

Yawancinsu sun kai wannan matsayi ne ta hanyar daɗewa a aiki da matakin albashi. An horar da su a kan koyarwa, amma ba lalle ne an horar da su a kan tafiyar da ma'aikata a lokacin tashin hankali ba.

Rahoton UNESCO kan ilimi a duniya da aka fitar a watan Oktoban 2024 ya mayar da hankali ne kacokan a kan shugabanci. Ya yi kira da a riƙa zaɓen shugabannin makarantu bisa cancanta, a horar da su kafin su kama aiki, a kuma rage musu ɗawainiyar cike takardu domin su samu lokacin malamai da ɗalibai.

Najeriya na da wuraren da za su iya wannan aiki, irin su cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, da cibiyar tsare-tsare da gudanar da ilimi da ke Ondo, da kuma ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare ta ANCOPSS.

Katanga da jami'an tsaro su ne buƙata ta farko, kuma babu shugaban makarantar da zai iya samar da su shi kaɗai. Amma ko an samar da su, sai an samu malamin da ya yarda ya tsaya a aji kafin a ce makaranta ta dawo.

Abin jira a gani shi ne ko hukumomi a Birnin Kebbi da Abuja za su sanya malaman ƙasar Zuru da shugabanninsu cikin lissafi, kamar yadda ake lissafa katanga da motocin sintiri.